Tabon Goro a Malejin Yaya Sale

Duk wanda ya taɓa shiga motar Yaya Sale ya san abin da yake fara yi kafin ya murza makulli. Sai ya ɓare goro, ya tauna, ya tauna, ya dangwalo jan da ɗan yatsa, ya ɗiga a kan gilashin maleji, daidai inda na jiya ya bushe. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Talatu, idonki."

"Idona yana nan tun kafin ka san mota."

"To, bisimilla."

Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ce mai kujerar gaba. Ban yi boko ba. Baƙaƙen nan da suka zagaye maleji, har yau ban san wanne ne wanne ba. Amma na san allura, na kuma san ja. Aikina shi ne in zuba wa allurar ido. In ta haura tabon in ce, "Ta wuce." In ta sauka in ce, "Ta kwanta." In ta zauna daidai in ce, "Tana kan goro." Daga nan ne mutanen Gwaram suka laƙaba masa Sale Kan-Goro, har yaran da aka haifa daga baya suke tsammanin sunan wani ƙauye ne.

Da aka yi sadakar arba'in ɗinsa, babban ɗansa Habibu, wanda ke aiki a Kano, ya ce ya samu mai sayen motar. Na bar shi, gado ba nawa ba ne. Amma ranar da aka kawo ruwa da sabulu za a wanke ta, na je na tsaya a bakin ƙofar direba na ce a wanke ko'ina ban da gilashin nan. Na san abin da kuka yi ta faɗa. Wasu sun ce tsufa ya fara taɓa Talatu, wata ma cewa ta yi ko wani asiri ne. Asirin me? Miyau ne da goro! Ni abin da ya dame ni Laraba ce. Ita ce ranar da muke zuwa Birnin Kudu ni da shi. Tun da aka kai shi makwancinsa, Laraba take zuwa ta same ni da mayafi a kafaɗa, ina sauraron ƙofa. Ba oda nake jira ba, don Yaya ba ya oda, wai tana cin batir. Hannu yake zirowa ta taga ya daki ƙofar motar, bam, bam. In aka tafi da motar, to an tafi da Laraba ke nan.

Bari ku ji yadda aka yi na shiga wannan wahala.

Shekarar da mijina ya rasu ne. Na gama takaba, 'ya'yana mata kowacce tana ɗakinta, ɗaya a Bauci, ɗaya can wajen Kano, gida ya koma daga ni sai kaji. Ina zaune a tsakar gida ina kallon bango sai ga Yaya. Da wani ne, da sai ya ce ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri. Shi ko zama bai yi ba.

"Tashi. Ina da aiki."

Na fito na tarar ya sa bakanike ya zaro wata roba daga cikin inji, ta biyo ta ƙasa har gaban mota, bakinta a cikin wani farin galan cike da fetur. Galan ɗin kuma wai ni zan riƙe a tsakanin ƙafafuna.

"Yaya, kashe ni za ka yi?"

"Wa ya ce ki ƙyasta ashana? Riƙe kawai. In mun isa ki ja layi da gawayi inda man ya tsaya."

Matarsa Rabi, Allah ya jiƙanta, tana daga soro tana leƙe. Ta ce, "Ni dai tun jiya na ce ba da ni ba. Ku da kuke 'yan gida ɗaya, sai ku ƙone tare."

Larabar farko ya kusa ƙure maleji. Wayyo Allah! Itatuwa suka riƙa wucewa kamar ana jifa da su, ni kuwa na rungume galan ina salati, duk wanda na taɓa yi wa faɗa a duniya sai da na yafe masa. Muna isa Birnin Kudu na ja layi. Ya sunkuyo ya duba, ya dafe kai kamar an yi masa sata.

Ta biyu ya ce yau a hankali za mu bi. Kai, jama'a! Mai keke ya wuce mu, ya waiwayo ya ce, "Sannu Baba, ko a tura?" Inji na ta gurnani a ƙaramar giya, rana ta take muna hanya. Da muka isa na ja layi, sai ga shi kusa da na farko. Nan fa ran Yaya ya ɓaci da gaske. Ya zagaya motar yana nuna ta da yatsa.

"Au! Ashe rarrafen ma sha kike yi? Munafuka!"

Haka muka yi ta yi, yau ya ƙara, wani mako ya rage, galan ya cika da layukan gawayi kamar fuskar mai tsage. Ni kuma kullum in koma gida ina warin fetur. Maƙwabciyata ta hana ni shiga madafinta, in na je ɗiban wuta sai ta ce in tsaya daga waje ta miƙo mini. Har ranar da layin ya tsaya can sama, man kamar ba a taɓa shi ba. Ranar Yaya ya yi dariya har na ga dasashinsa. Ya cire goron da ke bakinsa ya ɗiga a inda allurar ta yini, don sayen fenti a wurinsa almubazzaranci ne.

Daga nan ya samu karatun da zai yi wa duniya har ya bar ta. Ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, sai ka ji.

"In ka kore ta, iska ce ke tokare mata ƙirji, sai ta sha mai don ta ture iskar. In ka ja ta a ƙaramar giya, inji yana ihu taya ba ta zuwa ko'ina, nan ma sha take. Akwai wani wuri a tsakiya, a giyar ƙarshe, inda take numfashi kamar mai barci. Ka same shi, ka ajiye ƙafarka a totur kamar ka shiga ɗakin da jariri ke kwance. Shi ke nan. Tsohuwa ba ta son gaggawa, ba ta son jan jiki."

Na ce, "Da wa kake?"

Ya ce, "Da mai taya huɗu."

Tsohuwa yake kiran motar. Waɗanda suka iya karatu sun ce tabon yana wajen saba'in. Oho. Ni dai kan goro na sani.

Aka cire galan, amma ni ba a sallame ni ba. Wai shi idonsa na kan hanya, ba zai raba shi biyu ba.

Lokacin yana ɗan taɓa haya, ya ɗauki fasinja daga tashar Gwaram, ya haɗa da buhun wake ko riɗi da zai kai wa abokan cinikinsa. 'Yan kamasho sun gane shi sarai. Sai ka ji suna kira, "Birnin Kudu! Birnin Kudu! Kan-Goro ne, mai sauri ya jira ta baya!" Baƙo ne kawai ke shiga, shi ma sau ɗaya. Wata Bafulatana ta taɓa shiga da ƙwaryarta a cinya. Ta ga motoci suna ta wuce mu, ta yi haƙuri, ta yi haƙuri, ta gaza.

"Malam, madara fa na ɗauko. A tafiyar nan kindirmo zan sauke."

Ko waiwaye bai yi ba. "To kin huta da aiki. Kuma ban ce ki ƙara mini ko kwabo ba."

Ga rufe gilashi. Wai iska in ta shiga mota riƙe ta take yi ta baya. Da bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, muka ɗauko wani Alhaji mutumin Fagam, mai jiki, tubarkalla. Ba mu yi nisa ba gumi ya jiƙa masa babbar riga.

"Malam Sale, don Allah a sauke gilashi, za mu dahu."

"Iska tana cin mai, Alhaji."

"To numfashin da nake yi fa?"

"Shi ma in da hali a rage."

Ni da ba na dariya a gaban maza, ranar sai da na cusa mayafi a baki.

Amma babban abokin gabarsa birki ne. Ya ce duk wanda ya taka birki ya zubar da man da ya riga ya ƙona, kamar ka dafa tuwo ka juye a kwata. Saboda haka tun daga nesa yake hango abu. Shanu suna can kamar ɗigon tawada zai ɗage ƙafa, kafin mu iso sun gama tsallakawa, ya wuce abinsa yana murmushi kamar shi ya kora su. Wannan na yarda, gwaninta ce. Inda muke ɓatawa shi ne wajen sauke ni. Tun daga bakin layinmu yake sakin totur, wai motar ta gangara da kanta ta tsaya a ƙofata. Wata rana ta tsaya tun a ƙofar gidan liman. Wata rana ta wuce ni har bakin rijiya.

"Yau nan Allah ya tsaga. Sauka ki ƙarasa."

"Da ƙullin kayan nan a kaina? Taka ta kaɗan mana!"

"Ƙafarki ba ta shan fetur, Talatu."

"Tuwo take sha, kuma ba kai kake ba ni ba!"

Matan layinmu har fitowa suke yi ranar Laraba su ga inda za ta tsaya. Matar liman ta ce ita a ƙofarta ta fi ganina fiye da a tawa.

Labarin kai amarya kuwa, wasunku suna nan aka yi. 'Yar maƙwabcinsa aka aurar Wurno, aka roƙe shi ya ɗauki tsofaffi, mu da za mu damƙa amarya mu yi mata faɗa. Samari suka cika sauran motocin suka fisge su, kafin ka ce me sun ɓace. Mu kuwa muna kan goro. Can gaba sai ga ɗaya daga cikinsu a gefen hanya, mai ya ƙare, abokan ango sun fito da sababbin shaddodi suna ɗaga mana galan. Yaya ya sauke gilashi kamar faɗin yatsa biyu, ya kanga baki.

"Saba'in! Giyar ƙarshe!"

Ya mayar da gilashinsa ya wuce.

"Yaya! Ba za ka tsaya ba?"

"Na ba su abin da ya fi fetur."

Sai da na ce wallahi zan buɗe ƙofa in dira, sannan a gari na gaba ya yarda ya gangara kusa da wani mai bumburutu da ke sayar da fetur a galan, ya gaya masa akwai ciniki a baya. Muka isa Wurno an gama komai. An damƙa amarya, an ci shinkafa, har an fara kife kwanuka. Baba Hanne, wadda ta fi mu shekaru duka, ta fito da ƙyar tana dafa gwiwa, ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Sale, ga wasiyya. In na mutu kada a sa gawata a motarka. A hanya za a yi mini arba'in."

Ya ce, "Amma za ki isa da sauran mai, Baba."

Sau ɗaya tak na ga allurar nan ta bar goro bai damu ba. Da hantsi ne, Rabi ta faɗi a madafi, bakinta ya karkace. Muka kinkime ta zuwa mota. Ranar bai tauna goro ba, bai ce Talatu idonki ba. Ina baya da kanta a cinyata, amma ido ya riga ya saba, ta saman kafaɗarsa nake hango malejin. Allura ta haura ja, ta yi ta tafiya har inda ban taɓa ganinta ba tun zamanin galan. Ya yi oda. Ya taka birki, ya sake takawa. Duk abin da ya yi shekaru yana hana mutane, ranar sai da ya yi shi.

A ƙofar asibitin Birnin Kudu, bayan an shige da ita, ya tsaya riƙe da makulli yana kallon ƙasa.

"Talatu, ta wuce?"

Na ce, "Yau ba ranar aiki ba ce."

Ya ce, "To."

Kwanaki kaɗan ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

'Ya'yansa suka yi juyin duniya ya koma Kano wurinsu, ya ƙi. Aka kawo masa maganar wani aure, ya ce shi ya gama. Ya daina haya, ya daina kai wake. Na ce a raina to Laraba ta ƙare. Ranar ina shara sai na ji bam, bam.

"Ina kuma za mu? Ba ka da kaya."

"Goro. Na Gwaram duk ya bushe. Na Birnin Kudu ya fi."

Mutumin da ke raba ashana biyu, wai zai ƙona fetur zuwa wani gari don goron da bai cika tafin hannu ba. Na dube shi. Rigar da ke jikinsa ba a goge ba, kuma ya zabge. Na ɗauko mayafina.

Bayan 'yan makonni, ya tauna goronsa kamar kullum, ya ɗiga. Sai na ga bai ɗiga a kan tsohon ba. Ya sauko ƙasa kaɗan.

"Hannunka ya karkace."

"Bai karkace ba. Tsohuwa ta ƙara tsufa. Yanzu nan take so."

"Wace tsohuwar?"

"Mai taya huɗu."

Na ƙyale shi. Amma wa zai yi wa wannan wayon? Ni na riƙe galan! Ni na ja layin gawayi ranar da mai keke ya wuce mu. Na san abin da rarrafe yake sha. Da wata damina ta zagayo ya sake saukowa, bayan nan ma ya sake, har tabo ya jeru a gilashin kamar matakala. A na ƙasan ko giyar ƙarshe ba ta shiga, inji sai gurnani. Lokacin kuma mai ya yi tsadar da mutane suka jingine motocinsu suka koma mashin. Shi ya daina sayen nama, ya daina shayin safe, amma bai daina Laraba ba. In wani ya tare shi ya ce, "Malam Sale, yanzu nawa ne gudun da ya fi?" sai ya ce, "Saba'in, giyar ƙarshe," ya shiga mota ya ja mu kamar masu rakiyar kunkuru. Ni kuma in zuba wa allura ido, ta zauna a kan sabon tabon, in ce, "Tana kan goro." Ya ce, "Madalla."

Kada ku ce wata hira muke yi mai daɗi. Yawanci shiru ne. Ya nuna gona ya ce ta wane ce, ya mutu, 'ya'yan sun sayar. In ce na sani. Mu wuce duwatsu, mu wuce masu tallar rake. Sai can ya ce:

"Kin tuna baƙar akuyar Inna, wadda ta cinye hular Baba?"

"Ja ce."

"Baƙa ce."

"Ja ce, mai farin goshi! Ni nake ba ta dusa, kai kana can kana yawon harbin tsuntsu!"

Wannan akuya ta kai mu Birnin Kudu ta dawo da mu ban san iyaka ba. Babu wanda za mu je wurinsa ya raba gardamar. Duk wanda ya san akuyar, ya san hular, ya san muryar Inna in tana kiranmu cin tuwo, ya riga mu gaba. Mu biyu muka rage. Shi ya koma gidan da ba kowa, ni in koma gidan da ba kowa, sai wata Larabar. Tsakanin nan in na yi magana da kaji nake yi.

A ƙarshe-ƙarshen nan ma ya daina kuskuren ƙofa. Daidai bakin zaurena take tsayawa, don na ga ƙafarsa tana laɓaɓawa ta taɓa birki, yana kallon wani wuri. Ya kashe inji. Ni ban fita ba, shi bai ce in fita ba. Mu zauna haka, gilashi a rufe, muna gumi, har a kira la'asar.

Ranar wata Talata ya kwanta bayan azahar, bai tashi ba. Da aka duba motar an tarar ya sha mai, na gobe.

To, mai sayen motar a Birnin Kudu yake. Da Habibu ya ce zai kai masa, na ce sharaɗi biyu: ranar Laraba, kuma da ni. Ya ce, "Gwaggo, wahala za ki sha, dawowa a motar haya ne." Na ce ban tambaye shi ba.

Larabar da ta wuce ya zo. Yana tsayawa ya danna oda. Na fito na ce, "Kai! Batirin ubanka ne ko naka?" Ya ce in yi haƙuri. Na shiga na zauna a kujerata. Ta lotsa daidai jikina, ko kujerar ɗakina ba ta san ni haka ba. Ya murza makulli, sannan ya sunkuya yana duban malejin.

"Gwaggo, ai tabon da yawa. Wanne ne na gaskiya?"

"Na sama."

"To sauran fa?"

"Tuƙa, kana ƙona mai a tsaye."

Na sama na ce, don shi ne gaskiya, kuma man yanzu na magada ne. Ban da haka, me zan ja hanya in yi da ita? Yaron kirki ne Habibu, amma tunda ya girma maganarmu ba ta wuce ina kwana, ya iyali.

Muka hau titi. Ya sa giyar ƙarshe, allura ta hau ta zauna a kan tsohon jan, wanda ya kusa koɗewa. Sai na ji injin ya yi wannan numfashin na mai barci, wanda na daɗe ban ji ba. Na ce, "Tana kan goro." Na juya ina kallon gonaki.

Muka yi nisa. Can sai ya yi gyaran murya, irin na ubansa sak.

"Gwaggo, wai baƙar akuyar nan ta kakarmu da Baba yake yawan faɗa, da gaske ta cinye hula?"

"Baƙa? Haka ya gaya muku? Ja ce! Ja, mai farin goshi! Ubanku ko launin rigarsa bai sani ba sai Rabi ta gaya masa."

Ya yi dariya. Ya ce to ya aka yi ta kai ga hular? Na ce ai a kan turmi Baba ya ajiye ta zai yi alwala. Ya ce wane Baba, mai jakai? Na ce shi, kuma ba jakai ba ne, jaki ɗaya ne, shi ma na aro. Na shiga ba shi labari, daga hula na koma kan rijiyar gidanmu ta da, daga rijiya na koma ranar da ubansa ya faɗo daga kan tsamiya ya ce iska ce ta ture shi. Ina cikin magana idona ya koma wurin aikinsa.

Allura ta bar na sama. Tana sauka a hankali. Ta wuce na biyu. Na ji ya canza giya, inji ya fara gurnani. Ta zo kan na ƙasan ta zauna. Wani mai mashin da buhu biyu a baya ya wuce mu yana waiwaye.

Na dubi Habibu. Idonsa na kan hanya, hannu biyu a sitiyari, kamar bai san abin da ƙafarsa ta yi ba.

"Sai aka yi yaya, Gwaggo? Da ya faɗo?"

Bakina ya buɗe zai ce ta kwanta. Na rufe shi. Na ce, "Da ya faɗo, Inna ta fara duba tsamiyar da ke aljihunsa kafin ta duba ƙafar."

Sai bayan azahar muka shiga Birnin Kudu. Mai saye ya gaji da jira. Ya zagaya motar, ya daki tayoyi, ya leƙa ciki, ya ce wannan dattin fa? Ya zaro tsumma daga aljihu. Habibu ya dube ni. Na ce, "Bar shi, motarsa ce." Shafa ɗaya ya yi, duk suka tafi.

Muka dawo a motar haya, an cusa ni a baya tsakanin wata mai goyo da buhun albasa. Direban yaro ne, ƙafarsa kamar an ɗaure mata dutse. Kafin in gama gyara zama an ce Gwaram. Na shiga gida rana tana nan da sauranta, ban san abin da zan yi da ita ba. Washegari Habibu ya koma Kano. Ya ce zai riƙa bugo waya, kuma ya bugo, ba laifi. Sai dai waya ba ta da giya, ana gama gaisuwa an iso.

To kun ji abin da ke jikin gilashin. Mutumin da duk Gwaram ta sani da ƙin ɓarnar ɗigon fetur, shekarunsa na ƙarshe zubar da shi ya yi ta yi a hanya, da saninsa, da sanina, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa komai. Ku ci gaba da ba da labarin Alhajin Fagam da na Baba Hanne, ku yi dariya, shi ma da yana nan da ya taya ku. In kuma kuna son motarku ta daina shan mai, karatun yana nan yadda ya bar shi: saba'in, giyar ƙarshe.

Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa ya sa masa iska, wadda ya hana mu a mota. Allah ya sada shi da Rabi da Inna, ita ta gaya masa launin akuyar. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Ni dai mayafina yana kafaɗa. Bam, bam kawai zan ji, in fito.